Faifan da Ba Ya Rufe Ƙwarya

A Panteka na same shi,
ƙarƙashin mataccen injin markaɗe,
tsakanin murfin fanka da ƙafar keken ɗinki.
Tanimu mai gwangwan ya ɗora shi a sikeli,
allurar sikelin ko motsi ba ta yi ba.
Ya ce in ba da abin da ya sawwaƙa.
Na miƙa masa kuɗin shayi da burodi,
ya bi ni da kallon da ake yi wa wanda ya sayi iska.

A gida Ladidi ta juya shi gaba da baya,
ta leƙo ni ta hudar tsakiya:
"Faifan da ba ya rufe ƙwarya,
ba ya fifita tuwo, ba ya bakace tsaba,
shi kuma wane irin faifai ne?"
Na ce shi ne na saba'in da uku.
Ta ce ta sani,
ai ita ke share ƙarƙashin gado.

Ruwan ɗumi, ɗigon sabulu, tsohuwar singileti.
Nakan yi masa wankan jinjiri,
in shanya shi a inuwa,
don rana kan lanƙwasa su kamar gurasa.
A bayan kwalinsa wani ya rubuta da biro:
Rifkatu, Kakuri, Disamba '76, kar ki manta.
Masaƙa ta rufe, jiniya ta yi shiru.
Ko ta manta, ko 'ya'yanta ne suka kwashe ɗaki,
ban da wanda zan tambaya.

Na ɗora tsohon kwabo a kan allura don kar ta yi tsalle.
Da fari ƙaiƙayin ƙara ne kawai,
kamar yayyafi yana gwada rufin kwano.
Sai piyano ya shigo ba sallama,
irin shigowar wanda ya san inda randa take.
Gogen Turawa na biye da shi a hankali,
ganga na shafa, ba ta duka.
Kiɗa ne da ba ya roƙo,
ba ya yi wa kowa kirari,
ba ya jiran a liƙa masa ko sisi.

Ran Alhamis bayan la'asar Baba Jatau kan zo,
daga Kabala, da sandarsa, da tarinsa.
Shekara goma sha tara ya yi yana sabis a otal,
farar riga, jan ɗamara, takalmi mai matse yatsa.
Da jin wannan sai ya ce: "Na lokacin miya ne.
Idan an sa shi, a fito da cokula."
Shekara goma sha tara yana ratsa kiɗan nan da tire,
bai taɓa zama ya ji shi ba.

Na ce to zauna, Baba.
Ya zauna, hannuwa bisa gwiwa kamar mai jiran likita.
Amma da kakakin tagulla ya kai wata kwana,
sai hannun hagunsa ya tashi da kansa,
tafi a buɗe, daidai kafaɗa,
yana riƙe da abin da babu.

Nan aka ɗauke wuta.
Piyano ya yi nauyi, ya ja ƙafa,
ya nutse kamar kwalekwale a ƙasan gada.
Fanka ta yi juyi biyu ta haƙura.

Na ce ya ƙarasa mana da baki.
Ya ce bai san ƙarshen ba,
a daidai nan kullum yana kicin.

Muka yi zugum, sauro ya karɓi fili.
Can daga madafi, cikin ƙarar kwanuka,
wata murya ta ɗauka daga inda allura ta tsaya,
ƙasa-ƙasa, ta hanci,
har da ɗan tsallen da faifan na goma sha ɗaya ke yi.
Ba wannan kiɗan ba ne ma.
Ba wanda ya gyara mata.